Karkatattun Gidajen Mu'minatu

Attahiru ya ɗaure katakon da 'yarsa ta yi zane a kai a bayan babur da igiyar roba, ya rufe shi da buhun albasa, sannan ya sake leƙa layi ya ga ko akwai mai kallonsa. Babu kowa sai awakin maƙwabta a gindin dogon yaro. Matarsa Luba da 'yarsu Mu'minatu sun shiga motar zuwa garin Isa tun da hantsi, sun tafi sunan ƙanwar Luba, ba za su dawo ba sai la'asar. Lokacin zai ishe shi.

Bai bi ta bakin kasuwa ba. Ya zaga ta bayan makarantar firamare, don kada ya wuce majalisar su Zaidu.

Zaidu taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, kuma tun suna yara bakinsa bai taɓa raga masa ba. Jiya da yamma ya shigo zaure da mutum biyu, suka tarar da zanen an jingine shi yana shan iska. Mu'minatu tana shekara ta biyu a wata kwalejin horon malamai a Sakkwato, sashen zane, kuma mako uku ke nan na hutu tana duƙe a kan wannan aiki ɗaya. Titi ne na wani birnin Turawa. Amma titin ja ne kamar an zubar da manja, gidajen sun karkato ta dama da hagu kamar za su yi karo, dokin da ke jan keken shuɗi ne, matan da ke tafiya da dogayen huluna kuwa fuskokinsu kore da rawaya.

Zaidu ya riƙe haɓa ya ce, "Attahiru, wanga gari girgizar ƙasa anka yi, ko magina ne sunka sha wani abu? Doki shuɗi! Na yi yawo har Agadas ban ga doki shuɗi ba. Wagga kuma mai koren fuska, shawara ce ta kama ta? Shekara biyu ɗiyarka na karatun zane, amma ɗan aji ukku na iya miƙe bango da rula."

Mutanen suka yi dariya. Attahiru ma ya yi dariya tare da su, kuma wannan dariyar ce ta hana shi cin tuwon kirki.

Bai iya tambayarta ba. Mu'minatu 'yar fari ce. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. Da can mahaifiyarsa ce ke shiga tsakaninsu, ita ke karɓar kuɗin mota ta miƙa, ita ke kawo masa labarin jarrabawa. Tun rasuwarta sai maganar ta koma ta bakin Luba, kuma ba kowace magana ce yake iya ɗora wa Luba ba. Yaya zai ce mata, anya yarinyar nan ta iya abin da ta je koyo? Shi a aji shida ya tsaya, amma bai manta ranar da malami ya ɗaga littafinsa a gaban aji aka yi masa dariya ba. Jibi Litinin za ta kai wannan abu gaban malaminta da ɗalibai 'yan birni. Ya hango ta a tsaye, kanta a ƙasa, ana yi mata irin ta Zaidu.

Rumfar Shafi'u tana bayan tasha, inda manyan motoci ke juyawa. Shi ke rubuta wa masu shaguna alluna, shi ke zana zaki da dabino a bayan motocin da ke zuwa Maraɗi. Attahiru ya same shi a kan benci yana gyara gashin wuyan wani zaki. Suka gaisa, ya kwance buhun, ya jingine zanen a jikin tayar motar.

Shafi'u ya sauko yana goge hannu da tsumma. Ya tsuguna. Ya daɗe yana kallo, har ya matsa baya, ya sake matsowa.

"Malam Attahiru, wa yay yi wanga?"

"Wata yarinya ce. Ta maƙwabta." Attahiru ya kalli zakin. "Ubanta ne ya roƙe ni. So ake ka miƙe gidajen, ka mai da komi yadda Allah ya halicce shi. Doki launin doki, mutum launin mutum."

Shafi'u ya sa ɗan yatsa ya bi gefen wani dogon gini ba tare da ya taɓa ba.

"Ni dai ban yi makarantar wanga abu ba. Amma diba nan. Layin ya karkata, hannun kuwa bai yi rawa ba. Mai kuskure hannunshi rawa shika yi. Wadda tay yi wanga, haka take so."

"Wa ka son gidanshi a karkace?"

"Ban sani ba. A dai tambaye ta."

"Shafi'u, aiki na kawo maka, ba fatawa ba."

Shafi'u ya ɗaga kafaɗa. "Fentin mota ne gare ni. In ya hau, ba shi sauka."

"Shi nake so."

Aka yi jinga, Shafi'u ya ɗauko siririn katakon da yake ja layi da shi. Attahiru ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana kallo. Gidan farko ya miƙe tsaye, na biyu ya bi shi. Tagogi suka yi sahu kamar na sakateriya. Titi ya koma baƙin kwalta da farin layi a tsakiya, doki ya koma ja mai farin goshi, matan suka sami fuska irin ta Turawa, da idanu da jan baki. Sama ta yi shuɗi tas. Da ya kusa gamawa, Shafi'u ya ɗiga kurciyoyi biyu a saman, don hannunsa ya saba.

"Ko a cire su?"

"Bar su," in ji Attahiru. "Sun yi kyau."

Kuma da gaske ya yi masa kyau. Yanzu kowa ya gani ya san titi ne. Ya ji ƙirjinsa ya saki a karon farko tun jiya. Ya yi azahar a masallacin tasha, ya jira fentin ya sha iska, ya tuƙa babur a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A gida ya jingine zanen a jikin katangar tsakar gida, inda mai shigowa zai fara gani. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar rumfa, ya kunna rediyo.

Ana kiran la'asar suka yi sallama. Luba ce a gaba da ƙullin kayan suna, tana cewa hanya lafiya, sojoji sun tsayar da su sau biyu kawai. Mu'minatu tana biye da ita. Ta yi taku uku a tsakar gida ta tsaya.

Gidan ya cika da warin fetur. Attahiru ya rage muryar rediyo, ya dubi Luba.

"Ki gaya mata na sa an ɗan taɓa mata aikinta. Kada ta damu, babu wanda ya sani."

Luba ta kalli katangar, ta kalli mijinta, bakinta a buɗe. Mu'minatu ba ta motsa ba. Can ta ƙaraso gefen tabarma, ta durƙusa kamar yadda take yi kullum, idonta a ƙasa.

"Sannu da gida, Baba. Na gode. Allah shi ƙara girma."

"Amin," ya ce wa rediyo.

Ta tashi ta shiga ɗaki. Sai da labule ya sauka ya lura ba ta cire takalmi ba.

Luba ta ajiye ƙullin a ƙasa ta bi ta. Attahiru ya kasa kunne. Babu kuka, babu magana. Ya gyara zama, ya mai da rediyo tashar da ba ya saurare. Bayan ɗan lokaci Luba ta fito da takarda ɗaya a hannu, mai ƙyalli, an ja mata layukan fensir gida-gida. Ta ajiye ta a kan tabarma a gaban gwiwarsa, ta zauna a bakin turmi.

"Mi ne wanga?"

"Diba dai."

Ya ɗauka. Titi ja. Gidaje sun karkato ta dama da hagu. Doki shuɗi, mata masu koren fuska. Ya fara tsammanin hoton aikin yarinyar ne aka wanko, sai ya ga rubutun Turanci a ƙasa da shekara, shekarar da ko kakansa ba a haifa ba.

"Malaminsu ya ba kowa tashi," in ji Luba. "Wani Bature ne yay yi shi, sama da shekara ɗari. An ce su kwaikwaya daidai, kada su ƙara, kada su rage. Shi ne jarrabawar."

Attahiru ya kalli takardar, ya kalli katangar, inda kurciyoyin Shafi'u ke shawagi.

"Haka... haka shike tun asali?"

"Sau huɗu tana goge dokin nan kahin ta samu shuɗin da ya yi daidai. Ina zaune ina tsince shinkafa ina kallonta. Wancan ginin na kusurwa kwana biyu ta yi tana kwantar da shi, ta ce hannunta na ƙi, shina son ya miƙe shi. Ko baƙin fenti ba ta taɓa ba, ta ce babu baƙi cikin inuwar da Baturen yay yi, sai an haɗa ja da shuɗi." Luba ta gyara ɗankwali. "Malam, ko ni ka tambaya."

"Ina na san kin sani?"

"Ai ba ka tambaya ba."

Ya ajiye takardar, ya sake ɗauka.

"A wanke shi. Akwai fetur cikin babur."

"Ta ce in an sa fetur, har nata na ƙasa za shi tahi."

"To ta kai shi haka. Ai titi ne, titin nan ne dai."

"In ta kai shi haka, malamin na gani ya san ba hannunta ba ne. Wanda anka kama ya ba wani ya yi mishi, korar shi ake. In kuma ba ta kai komi ba, ta faɗi, sai baɗi, 'yan ajinsu su tahi koyarwa su bar ta." Luba ta ƙara da ƙaramar murya. "Ta ce za ta ce mishi ya faɗo daga saman mota ya karye."

"Ƙarya ke nan."

"To mi za ta ce? Ta ce ubanta?"

Attahiru ya tashi ya yi alwala, ya yi la'asar a nan kan tabarma, ya rasa ko raka'a uku ya yi ko huɗu. Da ya sallame ya naɗe takardar a hankali ya sa a aljihun gaba, ya tura babur waje.

Wannan karon ma ta bayan firamare ya bi. Ya tsaya wurin kafinta ya sa aka yanka masa fallen katako daidai girman wancan, aka goge shi da sanfefa. Sannan ya nufi tasha. Shafi'u yana wanke buroshi a cikin gwangwanin madara. Attahiru ya miƙa masa takardar.

Shafi'u ya buɗe. Ya yi fito a hankali.

"La ilaha illallahu. Har yadda wutsiyar dokin ta lanƙwasa." Ya girgiza kai. "Shekara goma sha takwas ina wanga aiki, yau na shafe wanda ya fi ni."

"Ba ta maƙwabta ba ce," in ji Attahiru. "Ɗiyata ce."

"Na sani."

"Ƙaƙa ka sani?"

"Ta sa hannu can ƙasa, kusurwar dama. M. Attahiru. Na zagaye shi, ban shafe ba. Na ɗauka ka gani."

Bai gani ba. Awa uku yana zaune a kan taya yana kallon gidaje suna miƙewa, bai kalli kusurwar ba. Ya cire hula ya share goshi, ya mayar.

"Fentinta ya kusa ƙarewa, sai Sakkwato ake samun irinshi. Litinin da sahe za ta tahi."

Shafi'u bai yi masa dariya ba, kuma da ya yi, da ya fi sauƙi. Ya shiga rumfa ya fito da ƙananan gwangwanaye ya jera: ja, shuɗi, rawaya, fari, da rabin galan na farin fentin ruwa.

"Wanga za a fara shafa ma katakon, sau biyu. Da zahin nan, kahin ka sha ruwa ya bushe. Sauran ta sirka da fetur, ba kananzir ba, kananzir na sa shi kwana bai bushe ba. Kore ta haɗa da kanta, ta fi ni sanin wanda take so." Ya ɗauko baƙi, ya duba takardar, ya mayar da shi. Ya zaɓo buroshi biyu masu laushi ya ɗora a kai. "Waɗanga aro ne. Ka ce mata Shafi'u na ba ta haƙuri."

"Ba kai ne da laihi ba."

"Hannuna ne dai."

Rana ta yi sanyi lokacin da ya iso gida. Tsakar gida duk inuwa, zaure ne kawai ke da haske, don ƙofarsa yamma take kallo. Ya shigo da wancan zanen ya jingine a lungu. Ya tuɓe babbar riga, ya kwantar da sabon katakon a kan bulo biyu, ya tsuguna ya shiga shafa farin fenti. Bai taɓa riƙe buroshi ba. Fentin yana ɗiga a ƙafarsa, yana taruwa a gefe. Ya gama shafi na farko, ya jira, ya yi na biyu, sannan ya ɗaga murya ya kira Luba.

Ta leƙo, Mu'minatu a bayanta, ta sauya zuwa tsohon hijabin da take aiki da shi, mai ɗigo-ɗigon launi a hannu. Idanunta sun yi ja amma a bushe suke.

"Ki tambaye ta ko wanga katako ya yi."

"Ga ta nan gabanka," in ji Luba. "Ni tuwo na bari kan wuta."

Ta juya ta shige. Attahiru ya bi bayanta da kallo kamar wanda mota ta tafi ta bari a daji. Zauren ya yi masa ƙanƙanta. Mu'minatu ta tsuguna ta shafa katakon da bayan hannu, ta buɗe gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, ta sunsuna, ta murza gashin buroshin a tafinta.

"Ya yi, Baba," ta ce da katakon. "Amma ba za shi kai na farko ba. Yau saura kaɗan, sai gobe. Ko na gama, a gurguje ne."

"Malamin na karɓar na gurguje?"

"Ban sani ba. Shina da tsanani. Ya ce ya ji kowane irin labari."

Attahiru ya kalli ƙafarsa da ta yi fari.

"Bai ji wanga ba. Za ni bi ki ran Litinin. Ki ɗauki naki, in ɗauki wancan. In gaya mishi da bakina."

Ta ɗago kai da sauri, ta sake sunkuyarwa.

"Baba, ofis ɗin cike yake da ɗalibai. Turanci ake yi."

"Ba shi jin Hausa?"

"Shina ji."

"To."

"Albasar da za ka kai Maraɗi fa?"

"Is'haƙa direba ya san hanya."

Ta tayar da katakon ta jingine a bango, ta ɗauko zare da gawayi ta shiga raba shi gida-gida, kamar yadda aka raba takardar. Da ta gama ta nemi inda za ta maƙala takardar, babu ƙusa a wurin, iska kuma tana shigowa ta ƙofa. Ta ajiye a ƙasa, iska ta kife ta. Attahiru ya sunkuya ya ɗauka, ya tsaya a gefen katakon, ya riƙe ta da hannu biyu daidai ƙirjinsa.

"Nan?"

"Ɗan ƙara sama, Baba. Yawwa."

Ta fara. Takan kalli gida ɗaya a takarda, ta daɗe, sannan ta ja layi ɗaya a katako. Ba ta fara da doki ko matan ba, da gefen titi ta fara, sai ƙasan gine-gine. Hannunta ba ya rawa. Attahiru yana kallon takardar daga sama, a juye, yana jin numfashinta. Shekara ashirin da ɗaya, bai taɓa tsayawa kusa da ita haka ba tun tana cikin zanen goyo, lokacin ma sai ya tabbata babu mai ganinsa.

Tambayar ta fito kafin ya tare ta.

"Don mi yay yi su haka? Bai iya ba ne?"

"Ya iya, Baba. Malam ya nuna muna waɗanda yay yi tun shina yaro, kamar hoto." Ta busa garin gawayi. "Lokacin an riga an samu na'urar hoto. Sai ya ce shi ba yadda titin yake za shi zana ba, yadda ya ji shi. Baƙo ne a birnin. Wai tsoron shi yake."

Attahiru ya tuna wata ranar kasuwa da aka ji harbi daga yamma, mutane suka watse, shi yana gudu ta layin 'yan tireda. Ya rantse a ranar rumfuna sun kwanto a kansa, kuma bai ga fuskar mutum ko ɗaya da launin mutum ba. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Yanzu ma bai faɗa ba, ya dai gyara riƙon takardar.

Inuwa ta faɗo a kan katakon.

"Salamu alaikum. To! Attahiru, yau kuma kai ne ƙusar bango?"

Zaidu ne, da carbi a hannu, a hanyarsa ta masallaci, da mutanen nan biyu na jiya a bayansa. Ya ƙare wa taubashinsa kallo, daga 'yar shara zuwa fararen yatsun ƙafa. Mu'minatu ta ja hijabi ta durƙusa ta gaishe su. Zaidu yana amsawa idonsa ya kai lungu, ya yi tsaye cak.

"A'a! Kai, ku zo ku gani." Ya matsa ya sunkuya. "Wanga shi ne zane! Diba doki kamar ya yi haniniya. Diba tagogi. Har da kurciyoyi! Ashe ɗiyar ta iya, jiya wasa take muna. Mu'minatu, Allah shi yi miki albarka, na janye maganata. Attahiru, ka ba ni shi in rataye shago, kowa ya zo in ce ɗiyarmu ce tay yi."

Mutanen biyu suka leƙa suna masha Allah. Mu'minatu tana durƙushe, gawayi a hannunta, ba ta ɗago ba. Attahiru ya san ba za ta ce komai ba, yau ko gobe ko bayan ransa. In ya yi murmushi kawai, kafin isha'i labari ya zaga majalisa cewa 'yar Attahiru gwana ce.

Ya ɗago kai ya dubi Zaidu.

"Ba ita tay yi ba," ya ce. "Nata shi ne wanda kunka gani jiya, kuma daidai yake. Ni na ɗauke shi ba da saninta ba, na kai ma Shafi'u na tasha ya ɓata shi. Don maganarka. Ga na ainihin nan hannuna, in kana da ido."

Zaidu ya buɗe baki da shirin dariya, ya kalli takardar, ya kalli yarinyar, ya rufe. Ɗaya daga cikin mutanen ya ce bari su yi gaba kada a tada salla. Zaidu bai bi su nan take ba. Ya ja carbi biyu, uku.

"Ni fa wasa nike, Attahiru."

"Na sani. Matsa, ka tare mata haske."

Zaidu ya matsa gefe, ya jingina da ƙofa, bai tafi ba. Hasken ya dawo kan katakon, ja-ja, saura kaɗan ya ƙare. Mu'minatu ta miƙe, ta share ido da gefen hijabi sau ɗaya, ta koma kan dogon ginin kusurwa. Ta ja layinsa daga ƙasa zuwa sama, ta matsa baya.

Attahiru ya karkato da kai ya duba takardar, ya duba katakon. Shekara ashirin yana tsayawa a bayan mota ana loda buhuna, idonsa ba ya kuskuren lodin da ya kwanta ko da faɗin yatsa ne. Ya sake dubawa don ya tabbata. Ya yi gyaran murya.

"Wancan na kusurwa. Kin miƙe shi da yawa. Na takarda ya hi shi kwantawa."

Ta zo kusa ta duba, kanta daf da hannunsa. Ta koma ta duba nata.

"Gaskiya ne, Baba."

Ta sa gefen hannu ta goge layin, ta sake ɗora gawayi a ƙasan ginin, ta fara jan shi a hankali zuwa hagu.

"Ƙara," in ji Attahiru. "Ƙara kaɗan."